Sifirin Biyu a Cikin Tsumma

Jiya ina neman kusa a shagona na Shagari, sai na ci karo da wani tsumma ɗaure a ƙafar tebur. Na kwance, ga sifirin biyu, murɗaɗɗun ƙarafan nan na cikin inji, har yanzu suna warin giris. Nan take Baba ya faɗo mini a rai, tsohon kafintan Bodinga da ya rasu bara.

Lokacin da na kafa injin yi wa katako ado a ƙarƙashin tebur, kansa a ƙasa, sifirin da ke cikinsa sun hana ni ɗaga bakin yadda nake so. Haushi ya sa na ɗauko guduma. Ana haka Baba ya iso, rigarsa duk garin katako.

"Aje gudumar ga," ya ce. "Zare waya tukuna."

"Baba, ai babu wuta tun safe."

"Wuta ba ta sallama in za ta dawo."

Ya danne murfin da ya tokare sifirin da tafin hannu, ya warware a hankali don kada sifirin ya yi tsalle ya same ni a ido. Da ya ciro su, na ce a zubar da su. Ya harare ni, ya shafa musu giris, ya ɗaure a tsumma.

"Wata rana injin ga zai fito daga tebur ya koma aikin hannu, ran nan za ka neme su."

Gobe zan fito da shi, na samu aikin ƙofofi a Sifawa. Allah Ya sa Baba ya tarar da abin da ya ajiye, kamar yadda na tarar da nawa.