Tagar Masta Issaka

Ina bayan ɗaki ina zuba wa gauta ruwan wanke shinkafa na ji sallamar Baba Seidu, ƙanen maigidana, wanda ke jinyarsa a asibiti. Da na leƙo na ga ya riƙo ledar kayan da aka tafi da su, har da kokon da na aika da safe ba a taɓa ba, ban jira ya buɗe baki ba. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma na ƙarasa ba gautar ruwa, don da yana nan abin da zai fara tambaya ke nan.

Ku mutanen unguwarmu Maamobi kun san shi da Masta Issaka, direban babbar mota mai ɗauko albasa daga Nijar. Ba zan ce muku waliyyi ne ba. Yana da faɗa, kuma da ƙarfinsa gida bai riƙe shi ba. Amma bai taɓa barinmu da yunwa ba, kuma yaran motar da ya koya wa tuƙi bai taɓa ɗaga wa ɗayansu hannu ba. Bakinsa ya ishe su.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Lungunmu kun san shi, ko keken guragu ba ya wucewa, sai an goya mutum an tsallake kwata da shi. Ya ce ba za a riƙa goyonsa kamar buhu ba. Daga nan duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya da taga ɗaya. Ni ma tawa haka, don wa zan bar wa shi?

Bayan tagar akwai ɗan fili tsakaninmu da katanga, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Tsohon mai gidan da muke haya, Allah ya jiƙansa, shi ya bar mana. Na shuka kuɓewa da alefu, wato alayyafo, da gauta a tsofaffin bokitai don miya. Masta kuma abin da ya gani a ciki daban. Idan ruwan ƙarshen damina ya fara ɗaukewa, kafin sanyi ya shigo, malam-buɗe-littafi na dare suna cika wurin. Ni duk ƙwarin fitila nake ce musu. Ya sa ni na ɗaura masa farin ƙyalle a katanga ƙarƙashin ƙwan lantarki, da asuba in ja kujerarsa bakin taga ya duba waɗanda suka kwana.

"Hajiya, zo ki ga baƙo."

"Baƙon da ya cinye mini alefu? Ka gaishe shi."

"Ba shi ba ne. Na alefu ƙarami ne, ruwan ƙasa, da farar ɗamara. Wannan mai zane-zanen na kuɓewa ne, tsutsarsa ce ke naɗe ganye kamar taba. Shekara nawa kina tare da su ba ki san maƙwabtanki ba?"

Yakan ce, "Da ni ke zuwa garuruwa, yanzu garuruwa ke zuwa wurina." Kuma in na ɗauko tsintsiya sai ya ce, "Abin da ba ki san ko waye ba, kada ki yi saurin kashe shi." Ya hana ni fesa magani. Mun sha miyar ganye mai huji har na saba.

Ga yadda yake gane su. In ya ga tsutsar da bai sani ba, sai ya sa in zuba ƙasa a gwangwanin madara, in saka ta da ganyen da take ci, in rufe da ragar sauro. Tsutsar ta nutse a ƙasa ta zama wani abu ja mai tauri kamar dabino. Mu jera gwangwanayen a gindin katanga, mu jira mu ga wa zai fito. Bara wani ƙato ya fito daga ta gauta, da zane a bayansa kamar ƙoƙon kan mutum, in an taɓa shi har ƙara yake kamar ɓera. Na ce a'uzubillahi. Shi kuwa dariya ya yi har hawaye. Tun da ya kwanta ban ji ya yi irinta ba.

Bana ya tara gwangwanaye da yawa. Bai ga fitowar ko ɗaya ba.

Ranar sadakar uku mata suka shiga bayan ɗaki neman wurin kafa tukunya. Suka ga gwangwanaye a rufe, suka zazzage, suka ga abin da ke ciki. Maame Adiza mai wake da shinkafa ta ce asiri ne aka binne, shi ya shanye wa Masta jiki. Kafin magana ta iso gare ni an watsa musu kananzir an ƙone. Ina cikin ɗaki a lulluɓe, na shiga takaba, maza cike da tsakar gida. Ta taga na ce, "Adiza, tsutsa ce." Ta ce, "Hajiya, yi haƙuri, baƙin ciki ne ke sa ki."

Fuseini, ɗan mai gidan da ya gaji wurin, ya daɗe yana son filin nan, kunyar Masta ce ta hana shi. Yanzu ya samu dalili. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Mma, wurin da aka binne abu ba a barinsa haka. Zan zuba siminti in tada ɗaki." Ɗakin zai hau jikin bangonmu. Tagar za ta rufe. Ba ni da wata.

Ba zan iya fita in je wurin sarkin zango ba, ba zan iya zuwa wurin kawunnan Fuseini ba, sai na gama takaba. Bulo kuwa an riga an sauke, yana kan alefuna. Shi ya sa nake faɗa a nan, gaban ku da kuka zo addu'ar arba'in, da Liman da Baba Seidu da direbobin da suka ci abinci a hannunsa: babu wanda ya yi wa mijina asiri. Ciwo ne daga Allah. Ni na zuba ƙasar nan da hannuna. Wanda Fuseini ke jin maganarsa, ya yi masa magana.

Allah ya jiƙan Masta, ya yafe masa faɗansa da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya sa zaman da ya yi a kujerar nan ya zama kaffara. Allah ya raya 'ya'yansa da jikokinsa, ya saka wa Baba Seidu da alheri. Malamai sun ce ana yalwata wa mumini kabarinsa, a buɗe masa taga yana hango Aljanna. Ya Allah ka buɗe masa tasa, mai faɗi. Ni kuma ka bar mini wannan ƙaramar har in same shi. Amin.