Murfin da Ya Rasa Jikinsa

Ranar da yaƙi ya sa muka bar Omdurman, mahaifiyata ta koma ɗaki da gudu don ta ɗauko huggunta, ɗan akushin itace mai murfi da ake zuba garin itacen sandal mai ƙamshi a ciki ranar jirtig, ranar da ake zaunar da ango da amarya a kan gado a shafa musu shi a ka. Sai da motarmu ta yi nisa ta kwance bakin mayafinta, muka ga murfin kaɗai ta ɗauko. Jikin yana can kan kabad, in har kabad ɗin yana nan.

Wata bakwai muka yi a Atbara, a ɗaki guda cikin gidan gwaggonmu, murfin bai bar hannunta ba. Ni kuwa takardar digirina ta injiniya tana ƙarƙashin katifa, kuma har yau in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai in tsinci kaina a durƙushe. Da aka zo maganar auren ƙanwata Malaz, aka ce ango zai koma bakin aikinsa a Jidda nan da wata biyu. Yumma, haka muke kiran mahaifiyarmu, ta ce ta yarda da komai, amma ba za a yi wa 'yarta jirtig da huggun aro ba. Marigayi kakanmu, mahaifin Yumma, shi ya sa aka yi mata nata. Malaz ta yi kuka, gwaggo ta yi faɗa, Yumma ba ta sauya ra'ayi ba.

Garin neman wanda zai yi wa murfin sabon jiki na san Usta Mirgani, masassaƙi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana da shago a kasuwar Omdurman, da injin wuta da ma'aikata huɗu. Matarsa ta bi ɗansu zuwa Masar, shi ya ƙi, ya ce ya tsufa da koyon gaisuwar wasu. Na same shi a gindin darbejiya bayan katangar tashar jirgin ƙasa, ya kafa ƙusa biyu manya a jikin katako, ya maƙala itace a tsakaninsu. Hannun dama yana jan baka mai tsirkiya da ke juya itacen, hannun hagu da babban yatsan ƙafa suna riƙe da ƙarfen sassaƙa. Da haka mahaifinsa ya koya masa tun wuta ba ta zo layinsu ba. Ƙafafun gado yake yi da turmin gahawa, abin da masu gudun hijira ke iya saye ke nan.

Yumma ba ta ba ni murfin ba, don haka awo na kai masa a takarda. Ya duba, ya mayar mini, ya ce shi ba ya ɗinka wa mutum riga bai gan shi ba. Washegari na lallaɓo ta muka zo tare. Ta miƙa masa murfin amma ba ta saki ba, a hannunta ya jujjuya shi. Ya shinshina, ya bi ƙananan saran da suka kewaye jan fentin da farce, sai fuskarsa ta canza.

"Aikin Wad Zain ne," in ji shi. "Shagonsa na jikin nawa. Shekara talatin ina ce masa wannan ba ado ba ne, tonon kaza ne. Shi kuma ya ce nawa zanen makaho."

Na tambaye shi ina mutumin yake yanzu. Ya ce wayarsa a kashe take tun watan azumin da aka fara harbi, ya ɗauki ƙarfensa ya shiga wasawa.

Da ya gama ya ce in sake auna bakin murfin, amma ta ɗaya ɓangaren. Na auna, na ga awon ya bambanta da na farko. Ya yi dariya har haƙoransa uku suka fito.

"Injiniya, a makarantarku ba a faɗa muku itace yana tafiya ba? Da'ira aka haife shi, shekaru suka mai da shi ƙwai. In na yi masa jiki mai kyakkyawar da'ira, ba za su taɓa gaisawa ba."

Dabarar ita ce a sassaƙa jikin daga ɗanyen itace, a rarake cikinsa, a bar masa kauri, a binne shi cikin dusar sassaƙarsa ya bushe a hankali har ya karkace da kansa, sannan a gyara bakin da hannu. Mako biyar, in Allah ya so. Ya samo bagaruwa a bakin kogi. Na ga yadda yake rarake ciki ta ɗan ƙaramin baki da lanƙwasasshen ƙarfe, idonsa ba ya ganin inda ƙarfen yake ci. Yakan tsaya ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara kunne, ya ci gaba.

Ya zuba jikin a buhun dusa ya ba ni, ya ce in ajiye a inuwa, kada in buɗe. Mako biyu na daure. A na uku na kasa barci da lissafin kwanaki, na ga rana tana ta zuba a banza a tsakar gida, na fito da shi na ɗora kan katanga. Bayan azahar na ji ƙara, tas, 'yar ƙarama. Na tsinci kaina a ƙasa, hannuwana a kan kai. Da na tashi na ga ya tsage daga baki har ƙasa.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Na ɗauka na kai masa. Ya dubi tsagar, ya dube ni, ya aika a kawo mini shayi. Sai da na shanye ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin bencinsa.

"Biyu nake yi kullum, 'yata. Itace ba ya alkawari, masu shi ma haka. Wanda na yarda da shi ba na ba wa mai gaggawa."

Saura ado. A nan ya sha wuya, don saran Wad Zain duk sun kwanta ta gefe guda, nasa kuwa suna kwanciya ta ɗayan. Wad Zain bahago ne. Kwana huɗu Usta Mirgani yana gwaji da hannun hagu a jikin wanda na fasa, yana yanke yatsa, yana zagin maƙwabcinsa ƙasa-ƙasa, wai ko a ɓace bai bar mutane sun huta ba. Ya ce dole murfin ya zauna a gabansa. Yumma ta ce to ita ma za ta zauna. Kullum da hantsi takan zo ta shimfiɗa tabarma, murfin a cinyarta. A rana ta biyu na ji tana gaya masa layin da gidanmu yake, shi kuma yana faɗa mata wanda ke sayar da kifi a kwanar. Rabon da in ji ta yi magana mai tsawo haka tun muna gida. A rana ta uku ta ajiye murfin a kan bencinsa ta tafi sayen albasa.

Saura kwana shida biki ya gama. Ya goga fenti ja da baƙi da rawaya yana juya itacen har suka kama. Ya ce Yumma ta rufe da kanta. Ta ɗora, bai shiga ba. Ya ce ta juya shi kaɗan, ta nemi inda suka dace. Ta juya, murfin ya zauna da wata 'yar ƙara mai taushi. Ta ɗaga huggun ta murfin, jikin ya biyo shi.

Ta ce jan sabon ya fi na tsohon haske. Ya ce ta ba shi shekara ashirin. Da muka isa gida ta miƙa wa Malaz, ta ce a fara daka sandal.

Bayan biki na kai masa nama da kisra, siririyar wainar dawa ta ƙasarmu. Fasasshen yana kan bencinsa, jikinsa duk saran hagu, na farko a karkace, na ƙarshe tsaf. Na ce ya ba ni in jefar, abin kunyata ne. Ya hana.

"Bar shi. In wancan bahagon ya ɓullo, zan nuna masa abin da ya yi shekara talatin yana taƙama da shi, a kwana huɗu na koya."

Ya mayar da shi gefen da rana ba ta kaiwa, ya sa ƙafa ya kama ƙarfensa.