Yadda Na Raba Maƙerin Sara Da Garmarsa

Ni mutumin Birnin Kudu ne, kuma da can ba a san ni da komai ba sai aiki. Na koyi zane a makarantar sana'a, aka ɗauke ni a ofishin ayyuka na En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ina zana rumfunan kasuwa da kwalbatoci. Aibina dai ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna a kujera sai in ji kamar an watsa mini kiyashi. Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, kowa ya koma ɗan kwangila, waɗanda na girma suna wuce ni a kan babura, sai na ajiye aikin. Ni ma na sayi babur, na ce daga yau gashin kaina zan ci. Mai son zanen gida ko shago, ko shawarar yadda ake neman kwangila, ya kira ni ya biya ni. Mutane suka sa mini suna Injiniya, ban kuwa taɓa ce musu ba haka ba ne.

Da ɗan ƙaramin abu ɓarnar ta fara. Wani Alhaji a Sundimina ya sa na zana masa gida, ya ce yana son irin wanda babu shi a ko'ina. Ba a jima ba na sayar wa wani zanen nan a Fagam, na dai matsar da taga ɗaya. Ba wanda ya ce uffan. Na ce a raina, ai hannuna ya zana, nawa ne. Daga nan duk abin da aka ba ni in duba sai in ajiye kwafinsa a jaka.

Ana nan sai Malam Sule, wani dattijon maƙeri a garin Sara, ya aiko a kira ni. Garmar shanun da ake kawowa daga waje nauyi gare ta, ƙasarmu mai tsakuwa kuma tana cinye mata baki. Shi kuwa ya daɗe yana ƙerawa yana rushewa har ya fitar da tasa mara nauyi, bakinta ana cirewa a sa sabo, fukafukanta ana buɗewa ana tsukewa yadda manomi yake so. Ya ji gwamnati za ta raba wa manoma garemani, shi ne yake son a zana masa tasa a kai gaba.

Na ce, "Baba, mu rubuta yarjejeniya?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba yaro! Mahaifinka a nan yake gyaran fartanyarsa. Takarda tsakanin wa da wa?"

Ya kira maƙwabcinsa, aka shafa fatiha, ya ba ni goro. Haka ake yi a wurinmu, neman takarda wajen wanda ka sani kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Sannan ya kwance garmar gaba ɗaya ya baje mini, har abin da bai nuna wa sauran maƙera ba. Na auna, na zana.

Wallahi da niyyar kai masa gaba na tafi Kano. A bakin ofishin ma'aikatar gona ina jiran layi, sai wani Alhaji mai kamfanin walda ya leƙo takardun hannuna. Ya ce, "Wa ya ƙirƙiro wannan?" Na buɗe baki in ce Malam Sule, sai na ji na ce, "Ni ne." Kafin la'asar na sa hannu cewa zanen nawa ne, na sayar masa shi kaɗai. Na aika wa dattijon cewa ana dubawa, na daina bi ta Sara ko da hanya ta kama. Abin da na samu bai kwana a hannuna ba, saboda haka na ɗauki kwafin na kai wa wani ɗan kwangila a Bauchi, shi ma na rantse masa shi kaɗai ne.

Da damina ta matso sai ga garemani daga Kano, an shafa musu jan fenti, da sunan kamfanin Alhajin a jiki. Ashe har Ikko ya je ya yi wa zanen rajista. Ya turo lauya maƙerar Malam Sule aka ce ya daina kwaikwayon kayan mutane. Malam Sule ya ce garmar tasa ce. Aka ce ina takardarsa. Ba shi da komai sai maƙwabcinsa da fatihar da aka shafa. Dattijon da bai taɓa shiga kotu ba ya tsorata, ya daina ƙera garmar, a kasuwa kuma aka fara ce wa tasa jabu.

Ni kuma asirina ya tonu ne da 'yan kwangilar nan biyu suka haɗu wajen neman aiki ɗaya, kowa da zanen, kowa da sa hannuna. A tashar Birnin Kudu aka kama ni ina shirin shiga mota. Alƙali ya tambaye ni ko zanen nawa ne tun asali. Kaicona! A nan ne ya kamata in wanke Malam Sule a gaban hukuma, amma na ji tsoron a ƙara mini laifi, na sake cewa nawa ne. Aka ɗaure ni kan zamba.

Gidan yari azaba ne ga kowa, balle ga wanda bai iya zama ba. Daga wannan bango zuwa wancan nake yini, har abokan ɗaki suna cewa, "Injiniya, auna mana ɗakin kake?" A can na tuba, na kuma ƙudura in na fita Sara zan fara zuwa.

Na sami Malam Sule yana ƙera lauje, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi komai. Ya ɗago ya ce, "Na yafe maka. Amma jikokina sun tambaye ni ko gaskiya ne na saci garmar mutanen Kano. Je ka ba su amsa."

Na gaya musu. Ranar kasuwa ma na tsaya a rumfar maƙera na faɗa da ƙarfi. Tsofaffi suka girgiza kai, matasa suka tuntsire da dariya, wani ya ce, "Tsohon fursuna ne zai ba da shaida?" Malam Sule ya rasu bai sake ƙera garmar ba.

Ku samari masu cin gashin kanku, ku ji ni. Abin da mai aiki ya kawo muku nasa ne, ko da hannunku ya zana. Abin da za ku ƙirƙiro tare, ku rubuta na wane ne tun kafin a fara. In ya ce ba sai an rubuta ba, ku nace, don shi takardar za ta kare, daga ku ɗin ma. In kuma an tambaye ku mai abu, ku faɗi sunansa tun maganarku tana da daraja. Ni na faɗa, amma sai bayan da babu mai yarda da ni.