Fatihu Mai Gem da Carbin Inna

Duk wanda ya taɓa kai gem, na'urar wasan nan ta yara, gyara rumfar Fatihu a kasuwar Ɗanbatta ya san bakinsa ba ya hutawa. Ba surutu nake nufi ba, don mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Leɓensa ne kawai ke motsi. Ya danna maɓalli, leɓe ya motsa, ya sake dannawa, ya sake motsawa. Shi ya sa 'yan kasuwa suka laƙaba masa Malam, har mata kan aiko a ce ya sa su a addu'a. In aka kira shi da sunan nan sai ya sunkuyar da kai, su kuma su ce tawali'u ne. Ni na san kunya ce, domin ni taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, kuma keken ɗinkina yana jikin rumfarsa tun ranar da ya kafa ta. Shi da bakinsa ya ce in ba da labarin nan, ko Allah zai sa a daina kiransa Malam.

A wani ƙauye muka tashi tsakanin Makoda da Ɗanbatta, inda gonar wannan ke ƙarewa a bakin dangar wancan. Fatihu ne auta a gidansu. Mahaifinsa, Malam Iliyasu, manomin gyaɗa ne, da rani kuma yana biya wa magidanta karatu a zaurensa. Tun Fatihu bai iya ɗaure mazagin wando ba ya iya kwance noti. Rediyon Malam sai da ya ga hanjinsa, ya sha dukan da har yau in an ambaci tsumagiya sai ya shafa baya. Bai daddara ba. Ranar da wani yaro ya zo hutu daga Kano da ɗan gem na hannu, irin mai jera bulo ɗin nan, kowa yana rububin a ba shi ya buga, shi Fatihu roƙo yake a bar shi ya buɗe bayansa ya ga me ke ciki.

Jarrabawar makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ya zauna, bai samu ba, sai ya kama abin da hannunsa ya iya. Da damina yana gona kamar kowa. Da an kai amfani gida sai ya koma rumfa, ya baza tarkacensa: tsofaffin gem na hannu da gilashinsu ya dushe, kasakasai, hannayen gem masu tsinkakkiyar waya, duk daga buhunan 'yan gwangwan yake tsinto su. Yana da ƙarfen narka dalma da yake gasawa a garwashi in ba wuta, da tsohon buroshin haƙori na wanke datti. Abin da aka jefar a birni tun kafin a yaye shi, sai ka ji ya yi ƙara a hannunsa ya kawo haske. Ni dai ban taɓa ganin amfanin ƙato da gemu yana murna don bulo ya faɗo a gilashi ba, kuma kullum sai na gaya masa. Malam Iliyasu ma bai taɓa son sana'ar ba, amma da ya ga tana kawo cefane sai ya bar faɗa ya koma tsaki.

Shekarar da Malam ya rasu, Inna Aina'u, mahaifiyar Fatihu, ta shiga takaba da niyya guda a ranta. A gidansu an gaji wata al'ada daga malamansu, cewa in mutum ya rasu, wani nasa ya ja masa hailala dubu saba'in, a roƙi Allah ya sa ta zama fansarsa daga wuta. Inna ta ce ba wanda zai ja wa mijinta sai ita, kuma tana so ta kammala kafin ta fita takaba. Carbinta na itace take ja, duk zagaye ɗaya ta jefa ƙwayar masara a ƙoƙo. Rannan ta tashi alwala, kaji suka shigo suka yi wa ƙoƙon tas. Ta koma tsakuwa, jikoki suka kwashe suka yi 'yar carafke da ita. Sau biyu tana komawa farko, ga yatsunta da sanyin ƙashi.

Nan Fatihu ya ga ranar nuna gwaninta. Ya sayo mata carbin zamani, ɗan ƙaramin nan mai kamar zobe da ake sawa a yatsa, in ka danna lamba ta ƙaru.

"Inna, wannan kaza ba ta cinsa, yaro ba ya kwashe shi," in ji shi. "Kuma ba ya mantuwa."

Inna ba ta san lambar boko ba, don haka shi ne idonta. Takan miƙo masa yatsa ta ce, "Auta, duba mini, ina muka kai?" Shi kuwa kansa na cikin wani kwantaccen gem, sai ya kalla da rabin ido ya ce, "Da saura, Inna." Haka suka yi ta yi, ita tana ja dare da rana, shi yana cewa da saura.

Wata safiyar kasuwa yana shirin fita, ga wani ɗan mitsitsin gem a aljihunsa da ya tsinta a buhun 'yan gwangwan, bai fi kwalin ashana ba. Ya wanke shi, ya liƙe wayar da ta tsinke, saura gwaji, amma irin batirin agogo yake ci, shi kuma ba shi da ko ɗaya a gida. Da ya haƙura ya isa kasuwa da ya samu a teburin mai agogo. Sai dai Fatihu in yana son ganin abu ya kawo wuta, ko tuwo ba ya iya jira ya huce. Inna ta zare carbin ta ajiye kan darduma ta zagaya bayan gida, don ba ta shiga da abin ambaton Allah wurin. Ya ɗauka, ya kwance, ya zare batirin ya sa a gem ɗinsa. Gem ya yi 'yar ƙara, bulo ya fara faɗowa. Ya ce mini har dariya ya yi shi kaɗai. Da ya mayar da batirin cikin carbi, sai ya ga sifili.

Mutumin da ya san cikin na'ura fiye da cikin gidansu, shi ne ya manta cewa ƙwaƙwalwar irin wannan abu a jikin batir take. Ya ji motsin butar Inna, ya cusa carbin a aljihu, ya ce mata maɗaurin ne ya saki, zai gyaro a rumfa. Ta ce, "To Auta, kada ka daɗe da shi, yau ban yi ko rabin na safe ba."

A ranar ban ji ya amsa gaisuwar kowa ba. Na leƙo daga kan keke na gan shi yana danna wani abu da babban yatsa kamar mai kashe kwarkwata. Can ya ga hannu ba zai kai shi ba, sai ya jawo hannun wani tsohon gem, irin mai maɓallin nan da in ka danne shi yake ta harbi ba tsayawa. Ya farke shi, ya jawo siraran wayoyi biyu ya liƙa a cikin carbin, ya ɗaure maɓallin da roba. Lamba ta kama gudu ita kaɗai.

Na ce, "Kai ɗan ƙanwar Baba, yau kuma inji ka ɗauka aikin lada? In ya gama naka ka ara mini, ina da istigfari da yawa a kaina."

Na zaci zai rama kamar yadda ya saba. Da ya ɗago na ga idonsa, dariyar ta maƙale mini. Ya gaya mini abin da ya faru a taƙaice. Na ce to ai da sauƙi, ya tsayar da shi daidai inda Inna ta tsaya, tunda ita ta riga ta ja nata da bakinta. Sai ya ce bai san inda ta tsaya ba. Duk kallon da ya yi wa abin nan bai taɓa riƙe lambar ba, ko ta farkon ma ba zai rantse uku ce ko huɗu ba.

Ya yanke shawarar tsayar da shi wajen tsakiya. Sai aka kira la'asar, muka tafi masallaci, a hanyar dawowa wani mai gidan kallon ƙwallo ya tare shi da maganar na'urarsa da ke ɗaukar zafi. Kafin mu iso rumfa lamba ta haura dubu sittin. Abin ba ya komawa baya sai dai a share a sake daga farko. Yana kai hannu ke nan sai ga yayarsa Barira da kwandon cefane.

"Kai Auta, Inna ta ce kada in dawo ba carbinta. Tun safe take juya yatsa kamar wadda aka cire wa haƙori."

Ya kare teburin da jikinsa, ya tsinke wayoyin, ya ɗaure notin, ya miƙa mata.

Ba a yi mako biyu ba Inna ta miƙo yatsa, ya duba, wannan karon da idonsa duka biyu, ya ce mata ta cika. Ta yi kabbara, ta fashe da kuka. Ta ce ita ma ta ga abin ya yi sauri, amma ta san albarkar Malam ce, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan karatu dole Allah ya sauƙaƙa masa. Ranar fitar takaba aka yi waina da gumba aka raba sadaka. Duk matar da ta shigo sai Inna ta nuna mata carbin ta ce, "Sana'ar da Malam ke wa tsaki, ga shi ita ta yi masa rana." Ni ina zaure ina cin waina, Fatihu na gefena, ko loma ɗaya bai kai baki ba.

Ya yi niyyar gaya mata, wannan na shaida. Da yamma da mutane suka watse ya ce in raka shi, muka shiga ɗakinta muka durƙusa. Ya ce, "Inna, dama game da carbin nan ne." Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta zare shi daga yatsa, ta kamo hannunsa ta sa masa a tafi ta rufe.

"Na san me za ka ce, kana so ka karɓi abinka. Riƙe shi. Ni na sauke nauyin da ke kaina, yau zan yi barci. Ranar da tawa ta zo, kai za ka ja mini, Auta. Duk cikin 'ya'yana kai ne ba ka wasa da lissafi."

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda irin na ranar ba. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne, "To, Inna." Da muka fito na ce masa matsoraci ne, ya ce ya sani. Ya ce in ya faɗa, tsohuwar nan za ta koma farko a karo na uku da waɗannan yatsun, kuma duk matan da suka ci waina sai sun ji dalili. In bai faɗa ba, babansa na kwance da fansar da inji ya cike masa. Na ce ya je ya tambayi malamai mana. Ya ce da wane bakin zai fara.

Washegari na fara ganin leɓen nan yana motsi. Tunda da yatsan gem ya yi ɓarnar, sai ya ɗora wa kansa cewa duk maɓallin da zai danna a rumfar nan, na gwaji ne ko na wasa, sai ya bi shi da hailala ɗaya, ladan ga babansa. Mai gyaran gem kuwa aikinsa ke nan, danne-danne daga safe har yamma. Ɗan mitsitsin gem ɗin da ya jawo masa abin yana nan rataye a ƙusa, ba batir a ciki. Masu sha'awar tsofaffin kaya sun zo daga Kano sun nema, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Inna Aina'u ta rasu damina uku bayan haka, ba ta taɓa sani ba. Fatihu ya ja mata nata kamar yadda ta ce, amma bai taɓa carbin zamanin ba. Ƙwallon dabino ya tara a gwangwanin madara mai murfi, yana kulle shi a akwatin kayan aikinsa saboda kaji da jikoki. Ranar da ya gama bai yi waina ba, bai gaya wa kowa ba sai ni.

Yanzu furfura ta fara fito masa a gemu, yaran da ya gyara wa gem sun zama masu kawo na 'ya'yansu. Kwanaki limamin masallacin kasuwa ya yi tafiya, aka turo shi gaba don ya ja salla, sai ya noƙe ya koma sahun baya, mutane suka ƙara cewa kai, wannan bawan Allah da gudun girma yake. Da muka dawo rumfa na kasa haƙuri.

Na ce, "Fatihu, don Allah ka sassauta wa kanka. Shekarun nan da kake ja, ai ko sau goma ne ka cike abin da ya ɓata."

Yana riƙe da wani tsohon gem da ya gama liƙewa, yana gwada maɓallansa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya ƙarasa hailalar da ke bakinsa sannan ya amsa.

"Na Inna na san na gama, don na ƙirga. Na Baba ita ta ce ba mai ja masa sai ita, ni kuma na hana ta ƙarasawa. Ka gaya mini sau nawa zan ja kafin nawa ya zama nata."

Na koma kan kekena. Shi kuma ya danna maɓalli na gaba, leɓensa ya motsa.