Alhaji Sani biyu, ranar haihuwa ɗaya

"Tsaya tukuna, 'yata," in ji Baba Idi mai ba da magani, yana kallon ordonans, wato takardar maganin da ta fito a kwamfuta.

Ni na haɗa manhajar rubuta maganin da ake gwadawa a wani ƙaramin asibiti nan Zongo, kuma aikina na farko ke nan bayan gama karatu. Na sake duba shafin. Alhaji Sani Musa, haihuwa 1 ga Janairu, babu maganin da jikinsa ke ƙi. Likita ya rubuta masa penisilin.

Baba Idi ya leƙa ta taga.

"Alhaji, kai ne mai goro ko mai shadda?"

"Mai shadda mana! Idi, tsufa ya fara cin idonka ne?"

"Idona ƙalau. Ba kai ne penisilin ya kumbura wa fuska bara ba?"

Ashe su biyu ne, suna ɗaya, shekara ɗaya. Manhajata ta ɗauke su mutum guda, bayanin mai goro ya danne na mai shadda.

Na ce, "Baba, ya aka yi har rana ta zo ɗaya?"

Ya yi dariya. "Duk wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, ranar ake ba shi a takarda. Ni ma ita ce tawa."

Likita ya canza maganin. Yau na ba kowane majinyaci lambarsa, na ƙara gurbin laƙabi da sana'a.

Don Allah ku duba takardun dattawan gidanku. Mutum nawa aka haifa 1 ga Janairu? Mu a gidanmu na samu uku.