Guntun Kantun Inna

Ni dai a lakwal, wato makarantar Nasara, ban koyi abin da ya kai zaman rana ba. Wasu sun fito da lissafi, wasu da Faransanci mai santsi kamar man shanu, ni kuwa na fito da ƙeyar da ko yau in ka fasa ƙwai a kanta zai soyu. Gishiri ne ya ja mini.

Lokacin Agadas ba ta daɗe da fita daga tashin hankali ba. Rabin gidajen unguwarmu babu kowa sai ƙadangaru, su ma ramammu. Soji sun kwashe raƙuman gari don jigilar kayansu, suka haɗa da masu jan su, Baba na ciki. Tun da aka yi gabas da su ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ayari ya daina zuwa Bilma yadda ya saba, gishiri ya koma abin da tsofaffi ke ba da labarinsa. Miyarmu lami, har ta kai in na yi gumi sai in lashi hannuna in yi hamdala.

Amma fa akwai gishiri a ɗakinmu. A tafiyarsa ta ƙarshe da ayari, Baba ya fasa kan wani kantu, irin curin gishirin Bilma da ake ɗaura wa raƙumi, ya ba Inna guntun da bai fi dunƙulen hannu biyu ba. A jikinsa akwai gurbin igiyar da ta ɗaure shi, igiyar da Baba ya tufka da kansa. Inna ta naɗe shi a tsumma ta sa a alkukin bango, ta ce ba mai taɓa shi sai mai shi ya dawo da wani. Duk unguwa ta sani. Maƙwabta sun sha zuwa roƙo, ta ba su gero, ta ba su haƙuri, gishiri kuwa yana inda yake.

An kai ni lakwal ne don mai unguwa na neman yaran da zai cika umarnin Baturen mulki, kumandan, da su, gidan da babu uba kuwa shi ya fi sauƙin shiga. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, baƙin mutum ne dogo daga can bakin teku, an turo shi ba da son ransa ba. Kullum leɓensa a tsage, yana tari kamar tsohon jaki. Ba mugu ba ne. Ciwonsa ɗaya: bai yarda yaro ya san abu ba sai ya taɓa shi, ya shinshina, ya ɗanɗana. Kowane wata da abin da ake yi, lissafi a kansa, rubutu a kansa. Watan dabino mun ji daɗi, darasin bai kai la'asar ba muka cinye shi. Watan fata mun yi warin da ungulaye suka riƙa raka mu gida. Sai ga watan gishiri.

Da Mushe ya tambaya wa ke da gishirin Bilma a gida, ajin gaba ɗaya ya waiwayo gare ni. Ni ma na waiwaya, ban ga kowa ba sai bango.

Da kansa ya zo ƙofar gidanmu, da gardi, ɗan sandan kumandan, a bayansa wai don tafinta. Ya yi sallama da ladabi, Inna ta amsa daga bayan asabari. Ya ce aro yake nema, yara su gani da idonsu, a maido. A wurinmu aro yana komawa ne yadda ya fita. In ka ari turmi ba ka maido da itacen wuta. Ga baƙo a ƙofa, ga kuma jar hular gardi tana leƙe. Inna ta tambaya ko zai dawo.

"Duka, Inna," in ji Mushe. "Ko ƙwaya ba za ta ɓata ba."

Ta ɗauko tsumman ta danƙa mini, ba ta dubi kowa ba. "Kai na ba, ba shi ba."

Washegari aka zagaya da shi aji, kowa ya taɓa, kowa ya ɗan sa harshe. Wani ɗan mahauci ya yi masa lasar da na ji ta har cikin ƙashin bayana. Ina cewa an gama ke nan, sai Mushe ya sa guntun a tasa, ya tuttula masa ruwan zafi, ya kama motsawa da sandar nuna allo. Ina kallo gurbin igiyar ya fara lallacewa, ya shafe, curin ya zube ya zama ruwan kwata. Mushe ya tambayi aji ina gishiri, suka haɗa baki suka ce ya ɓace. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Na miƙe na ce masa aro ne fa.

"Zauna, yaro. Rana za ta maido shi. A garinmu haka muke yi da ruwan teku."

Ya tace ruwan da ƙyalle. Jar ƙasa ta rage a ciki, ya ce wannan datti ne, ya rataye ƙyallen a darni. Ruwan kuma ya juye a wani faffaɗan faranti ya ajiye tsakiyar fili. Da yake nawa ne, ni aka naɗa mai gadi.

Ban san wanda ya kai wa awaki labari ba, amma kafin azahar duk akuyar da ke ƙasar Abzin ta hallara, har da waɗanda na rantse daga Iferwan suka taso. In kori ta gaba, ta baya ta zagayo. Raƙumin wani soja ya miƙo wuya ta saman katanga, wuyan da na tabbata ya fi na sauran raƙuma tsawo sau biyu. Abokan karatuna kowa ya wuce sai yatsansa ya yi tuntuɓe ya faɗa farantin. Gardin nan ma ya zo da tsokar nama a ɓoye wai zai duba lafiyar aikin. In iska ta taso in rufe farantin da rigata, Mushe ya leƙo ya ce na tare wa rana hanya. Kowace safiya ya fito da yara su auna inda ruwa ya tsaya da tsinke, su koma inuwa su rubuta, ni in ci gaba da gasuwa. Da yamma a shigar da farantin aji a kulle, in ja ƙafa zuwa gida kamar wanda ya taka daga Dirku. Sau ɗaya Mushe ya cire malafarsa ya kifa mini. Shi ma, ina jin, ya gaji da garinmu kamar yadda na gaji da farantinsa.

Inna kuwa tun ranar farko na gaya mata an jiƙa shi. Ta tsaya da daka, ta dube ni, ta ci gaba. Na cika ta da surutu, na ce zai dawo ya fi da girma, ya fi da fari, ƙila ma ya haihu. Ba ta yi dariya ba. Kullum na shigo hannuna take fara duba.

Da ruwan ya ƙafe, gishiri ya dawo, wannan ba zan ci amanar Mushe ba. Fari fat, ya kwanta a farantin. Ya ba mu gilashin da ke ƙara girman abu, na ga ƙwayoyin kowace da kusurwa huɗu kamar ɗakunan da magini ya yanka. Abin ya yi kyau, na daɗe ina kallo. Mushe ya kankare shi da cokali a hankali, bai bar ko ƙwaya ba, ya zuba a tsumman Inna, ya ce in gaishe ta, in gaya mata ya fi da tsabta.

Inna ta kwance tsumman a cinyarta. Ta sa yatsa tana tonawa kamar mai neman allura.

"Ina gurbin igiyar?"

Na kwashe duk ilimin da rana ta dafa a kaina na zuba mata: yadda ruwa ke haɗiye gishiri, yadda rana ke shanye ruwa. Ta bari na gama, sannan ta tambaya ina jar ƙasar da ke jikinsa, ƙasar Bilma. Na tuna da ƙyallen da ke darni, na kwasa da gudu. Na tarar da wata baƙar akuya tsaye a wurin tana tauna ƙarshensa, tana kallona kamar ni ne na makara. Na dawo a hankali.

Inna ta daɗe zaune da tsumman. Can ta tashi ta ɗebi kaɗan ta zuba a tukunyar miya. Ta ƙulla wani a ganye ta aike ni gidajen da suka taɓa roƙo. Da na dawo ta ce gobe da safe in kira mata baffana da liman, a yi wa Baba sadaka. Ba ta sake fita bakin gari ba in an ce ga ƙurar raƙuma.

Miyar ranar, in faɗi gaskiya, ban taɓa shan irinta ba, har kwanon na kusa cinyewa. Inna ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce gishirin ya ji, ta tura mini nata.

A ƙarshen wata Mushe ya tambaye ni inda gishiri ke zuwa in ya shiga ruwa, na amsa daidai, ya shafa ƙonanniyar ƙeyata. Yanzu ga ni da furfura, ƴaƴana na lakwal. In ɗayansu ya shigo ya ce mushensu ya ce a kawo wani abu daga gida, sai in fita ƙofa in tsinto masa dutse.