Jinin Inoussa Bayan Gudu

"Madam, ki ɗiba kawai, lafiyata ƙalau!" in ji Inoussa, yana haki.

Inoussa ɗan dako ne a Gare, wato tashar mota, ya daɗe yana sauke buhunan masara daga kamiyo, babbar motar kaya. Da aka ce 'yarsa Kausar tana buƙatar jini, bai tsaya neman babur ba, ya sheƙo asibiti da gudu.

"Zauna tukuna, ɗan'uwana," in ji Zoulaïha mai ɗibar jini. "Gudu irin wannan kan rage ruwan jini na ɗan lokaci, jinin ya yi kauri. In na auna yanzu, awon zai nuna kana da jini fiye da gaskiya. In ka faɗi, wa zai kula da ita?"

Ya zauna ya sha ruwa, idonsa na kan ƙofar ɗakin da Kausar take kwance. Da jikinsa ya huce, ta soki yatsarsa, ta daɗe tana duban na'urar awon jini.

"Ya isa, amma da ƙyar. Miƙo hannu."

Da ta gama, ta hana shi ɗaukar kaya yau. Ya leƙa Kausar, sannan ya nufi Gare a hankali, neman wanda zai ƙarasa masa sauke buhunan.